Shanya a Bakin Burtali

Duk wanda ya san Larai ta Gidan Marke, wani ɗan ƙauye gabas da Aujara, to da wake ya san ta. Ba ƙosai take soyawa ba, ba kuma alale take ƙullawa ba. Jan waken nan mai ɗigo-ɗigo take dafawa da kanwa da gishiri sai ya yi luguf, ta tsane shi, ta baza a rana kwana uku har ya bushe ƙarau kamar tsakuwa. Sannan ta ɓarza shi a turmi, ta cakuɗa da barkono da citta da masoro da daddawa da busasshiyar albasa, ta ƙara ba shi rana yini guda don kada yajin ya ja danshi, ta ƙulla a leda. Wanda ya saya ba ya buƙatar itace sai na tafasa ruwa. Ya juye ƙulli ɗaya a kwano, ya kwarara tafasasshen ruwa, ya rufe, kafin ya yi alwala ya dawo abinci ya nuna. In da mai a kusa ya ɗiga, in babu ma haka nan yake shiga. Direbobin tashar Jahun ne suka raɗa masa suna waken nan-take, sunan kuma ya bi shi har Dutse, inda ɗalibai da gwauraye suka mayar da shi uwa da uba.

Mijinta Uwaisu manomi ne, mutum mai haƙuri duk shekara in ka cire rana ɗaya. Ranar nan ɗaya kuwa ita ta ja masa. Bara da kaka, tun ba a saki gonaki ba, shanun rugar Arɗo Idirisu suka faɗa gonarsa suka cinye harawar da ya ɗaure wa tumakinsa. A gaban mai gari, a gaban Arɗo, a gaban duk wanda ke da kunne, Uwaisu ya daki ƙasa da tafin hannu ya ce saniyar da ta ƙara taka masa wuri ba za ta koma ruga da ƙafarta ba. Aka ba shi haƙuri, ya huce tun kafin magariba, washegari har nono ya saya a hannun matan rugar. Shi ya manta. Masu shanu ba su manta ba, don magana zarar bunu ce.

Bana da kaka Hajiya Munira mai shago a Limawa cikin Dutse ta bugo wa Larai waya tana son buhu uku kafin Juma'a. Larai ba ta taɓa yin mai yawan haka ba, amma wa zai ga kasuwa ta buɗe ya ce hannunsa ya gaji? Ta dafa, ta shanya, ta daka har tafukanta suka yi kanta. Da aka zo shanyar ƙarshe, ta bayan an zuba yaji, sai tsakar gida ta yi mata kaɗan. Ta ɗauki tamfol huɗu ta shimfiɗa a faƙon bayan gida, taku kaɗan daga burtalin da shanu ke bi zuwa tafki. Ta yi tunanin kaji, ta yi tunanin awaki, ta ce barkonon da ke ciki ya isa ya kore su. Abin da bai zo mata a rai ba shi ne kanwa da gishiri, da yadda saniya ke jiyo su tun daga nesa ta saki hanya ta bi.

Da hantsi maƙwabciyarta ta fara naƙuda, aka leƙo aka kira ta. Ta ce yanzu za ta dawo. Haihuwar fari ce, ta zo da gardama, ba a ji kukan jariri ba sai da aka kira azahar. Da Larai ta zagaya bayan gida, tamfol uku ta tarar an lashe su fes, an tattake su da kofato, ga kashin shanu ko'ina. Na huɗun babu shi babu alamarsa. Ta zauna daɓas a ƙasa ta fara tsine wa duk wani mai ƙaho da mai kora shi, tana lissafa kwanakin da ta yi a bakin murhu. A lokacin gani take babu asarar da ta kai tata.

Tana cikin haka sai ga Murja, surukar Arɗo, wadda ta shekara goma tana sauke ƙwaryar nononta a zauren Larai. Yau babu ƙwarya, babu sallama, mayafinta ma a hannu yake.

"Larai, tashi! Sun kama Malam Uwaisu a gona, yana can ruga a ɗaure."

"Su wa? Me ya yi musu?"

"Shanu bakwai sun kumbura, huɗu sun faɗi. Haisam ne ya kora su yau, jikan Baffa Arɗo. Ya ce guba aka shimfiɗa musu a bakin burtali, har tamfol ɗin ya ɗauko ya nuna. Kowa kuma ya tuna abin da mijinki ya faɗa bara."

Larai ta miƙe a hankali. Tambaya ɗaya ta yi.

"Bayan sun ci, sun sha ruwa?"

"Daga nan tafki ya wuce da su."

Sai ta ɗora hannu biyu a ka. Ita da ta san yadda tafi ɗaya na garin nan ke cika kwano in ya ji ruwa, ba sai an yi mata bayanin abin da buhu biyu da wani abu zai yi a cikin shanu bakwai ba. Wakenta ne ya kashe su, mijinta kuma ko sanin ta yi shanya a waje bai yi ba.

"Baffa ya hana a kashe shi," in ji Murja, "sai ya faɗi irin gubar da ya sa, ko a samo makari a ceci ukun da suka rage. Dukansa suke yi ya faɗa. In ukun nan suka mutu, wallahi Baffa ma ba zai iya riƙe samarin nan ba."

Larai ta faɗa ɗaki ta suri kwano da faifai da ƙulli uku na waken da ta riga ta ƙulla. Tana fitowa ta yi kiciɓis da Abdurrahim a ƙofar gida, a kan babur, idanunsa jajir. Ƙanin Uwaisu ne, wanda Uwaisu ya goya tun rasuwar mahaifinsu, ya yi masa kaciya, ya yi masa aure. Irin mutanen nan ne da hannunsu ke riga kansu isa wuri. Wani da ke gonar kusa ya ga lokacin da aka ja yayansa a ƙasa, ya kawo masa labari.

"Abdurrahim, don girman Allah ka ba ni zuwa la'asar," ta ce, ta riƙe kan babur ɗin. "Ba guba ba ce, wakena suka ci. Zan je in nuna musu, za su sake shi. In suka hango taro, shi za su fara yankawa."

"Yaya Larai, shiga gida. Kwano za ki kai wa mutanen da suka ja Yaya a ƙasa kamar mushe?"

"Ka saurare ni!"

"Yau ko ni ko su. Sakar min babur."

Ya fizge kan babur ɗin har ta kusa kifawa, ya nufi cikin gari yana danna ƙaho. Ta san abin da zai yi: zai bi majalisa-majalisa, ya bi gonaki, ya buga waya ƙauyukan kusa. Iyakar lokacin da take da shi ke nan, lokacin da zai ɗauka ya tara mutane. Ita da Murja suka yanki gonaki a guje, kututturen dawa yana yankar ƙafafunsu, babu wadda ta tsaya dubawa.

Wari ne ya fara tarbarsu tun kafin su ga bukkoki. A filin da ake ɗaure shanu, huɗu na kwance a yanke, an riga mutuwa da wuƙa, cikinsu ya yi tim kamar an hura salka, jini ya jiƙa ƙasa ya yi baƙi. Ukun da suka rage suna tsaye da ƙyar, ƙafafu a ware, harshe a waje, jar kumfa na dalala daga bakinsu. Wani dattijo ya soka wa ɗaya wuƙa a kwiɓi don iska ta fita, abin da ya fito sai wani ruwa mai tsami da kumfa, cikin bai sauka ba. Mata na gefe suna kuka suna kiran shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san makiyayi ba zai ce dabba ce kawai ta mutu. Su a wurinsu gadon kakanni ne da sadakin 'ya'ya ke zubewa a ƙasa.

A jikin wani gawo aka ɗaure Uwaisu, hannuwansa ta baya. An yage rigarsa, wandon ma saura ƙyalle. Bayansa da haƙarƙarinsa duk sawun sanda ne, goshinsa a fashe, ido ɗaya ya rufe ruf. Samari biyar ne suka kewaye shi, Haisam a gaba, dogo siriri mai kitso, muryarsa har ta dishe.

"Faɗi abin da ka sa! Faɗi, Kaɗo!"

Uwaisu ya ɗaga kai ya ce wani abu da bai fita ba. Haisam ya juya sandar ya sauke masa gindinta a baki. Larai ta ji ƙarar haƙori ya karye daga inda take. Ba ta san lokacin da ta ratsa su ta faɗa jikin mijinta ba. Sandar da aka ɗaga don shi ta sauka a kafaɗarta, hannunta na hagu ya mutu nan take, kwanon ya gangara cikin ƙasa. Wani ya damƙi ɗankwalinta da gashinta ya wurgar da ita gefe.

"Kai! Mace ce!"

Muryar Arɗo Idirisu ce. Yana zaune a kan buzu kusa da wata farar saniya da ke cikin ukun, tsoho mai farin gemu da baƙar riga da rawani, hannunsa ɗaya a kan wuyanta. Tun da aka fara bai tashi daga nan ba. Larai ta rarrafa ta ɗauko kwanonta, ta je gabansa ta durƙusa.

"Baba Arɗo, Allah ya ba ka haƙuri. Ni ce matarsa. Abin da shanunka suka ci nawa ne, ni na shanya, shi bai ma sani ba. Ba guba ba ce, abinci ne. Wake ne da yaji, mutane ke ci."

"Abinci," in ji Arɗo, bai ko dube ta ba. "Shekarata saba'in ina bin saniya. Ban taɓa ganin abincin mutum ya yi mata haka ba."

"A ba ni ruwan zafi, in ci a gabanka." Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙulli ukun.

Haisam ya taho a fusace ya sa ƙafa ya shure su. "Baffa, kada ta raina mana hankali! Wannan daga ɗakinta ta ɗauko, mai kyau ne. Wanda suka zuba wa shanu daban ne." Ya juya ya jawo tamfol ɗin da ya kawo shaida, ya warware shi a gabansu. Ragowar garin na nan a tsakiya, ya cakuɗe da ƙasa da yawun shanu da kashinsu. "In ta isa, wannan za ta ci."

Shi dai Haisam yana da dalilin da ya sa muryarsa ta fi ta kowa tashi, amma a lokacin babu wanda ya tsaya tambayarsa. Arɗo ya dubi tamfol ɗin, sannan a karo na farko ya dubi Larai.

"Kin ji. Za ki ci?"

"Zan ci."

Murja ta ruga ta hura wuta da kara ta ɗora ƙaramar tukunya. Larai ta sa hannunta mai lafiya tana tsince kashin shanu da tsakuwa daga garin. Ba ta taɓa sanin ruwa na da taurin kai ba sai ranar, ga wuta na ci amma ko motsi ya ƙi yi. Ana cikin jira ɗaya daga cikin shanun uku ta yi wani nishi ta zube a gefenta, ƙafafunta suna harbin iska. Aka yi kanta da wuƙa ana bisimilla. Wani saurayi, mai saniyar, ya kurma ihu ya zari adda ya yi kan Uwaisu. Mutum biyu suka riƙe shi, amma sai da bakin addar ya tsaga wa Uwaisu cinya. Jini ya bi ƙafarsa ya taru a gindin gawon.

"Saura biyu," in ji Haisam, yana kallon Larai.

Ruwa ya tafasa. Larai ta ɗebi tafi ɗaya, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ta zuba a kwano. Ko gindin kwanon bai gama rufewa ba. Murja ta kwarara ruwan, ƙamshin daddawa da citta ya tashi a tsakiyar warin jini, abin har da ban haushi. Larai ta rufe da faifai ta janye hannunta.

"Me kuma ake jira?" wani ya tambaya.

"Ya nuna," in ji Larai.

"Ƙarya take, lokaci take ja mana! Mutanenta take jira!"

"Duk wanda ya ƙara ɗaga hannu kafin a buɗe kwanon nan," in ji Arɗo, "ba jinina ba ne."

Wuri ya yi tsit, sai nishin shanu biyu da numfashin Uwaisu mai gurnani. Larai ta kafa wa faifan ido, kunnenta kuma yana can wajen gari, tana sauraren abin da take tsoron ji. Sau dubu ta yi wannan haɗin, amma yau sai zuciyarta ke raya mata ko ƙasar da ta shiga za ta hana shi tashi. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba. Can sai faifan ya motsa. Ya ɗan ɗaga ta gefe ɗaya, jan wake ya leƙo ta ƙarƙashinsa.

Ta buɗe. Kwanon ya cika har baki, ruwan duk ya shanye, waken ya kumbura ya yi tozo yana turiri.

Arɗo ya sunkuyo. Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya juya ya kalli cikin farar saniyarsa, ya sa tafin hannu ya danna shi, ya sake kallon kwanon. Gani ya kori ji. Larai ba ta jira ya yi magana ba, ta yi bisimilla ta sa hannu cikin zafin ta kai baki. Ƙasa ta yi ƙaras a haƙoranta, ƙarnin yawun shanu ya taso mata, ta danne ta haɗiye. Ta ƙara loma, ta ƙara, hawaye da majina suna zuba, har ta ci rabi. Sai ta ji an janye kwanon daga gabanta. Arɗo ne. Ya ɗebi loma ya ci, barkonon ya sarƙe shi ya yi tari har rawaninsa ya goce, ya sake ɗiba ya ci. Ya ajiye kwanon ya goge gemunsa.

"Haisam, zo nan."

Haisam ya matso, sandarsa ta fara yi masa nauyi.

"Lokacin da suke ci, kana ina?"

"Baffa, na ɗan tsaya ne wajen mai shayi, wayata na karɓo a caji. Ko minti..."

"Har suka cinye shanya uku. Da ka zo ka ga sun cika ciki da busasshen abu, ina ka kai su?"

Haisam ya sunkuyar da kai.

"Ina ka kai su?"

"Tafki."

Ko yaron da aka fara ba wa sanda jiya ya san saniyar da ta yi ɓarnar hatsi ba a kai ta ruwa, ɗaure ta ake yi a inuwa a hana ta sha. Haisam ya sani sarai. Ya ga garke ya yi gaba, ya bi su a guje, bai tsaya duba yawan abin da suka ci ba sai da suka fara faɗuwa, sannan ya koma ya naɗo tamfol ya zo yana ihun guba. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na Uwaisu.

Arɗo ya miƙe, abin da bai yi ba tun da aka fara. Ya karɓi sandar daga hannun jikansa kamar zai duba ta, ya ɗaga ta da hannu biyu ya shimfiɗa masa a fuska. Haisam ya faɗi, hancinsa ya fashe. Tsohon ya ƙara masa a baya, ya ƙara, sai da sandar ta tsage biyu. Babu wanda ya riƙe shi, uwar Haisam ma juya baya ta yi.

Sannan ya zaro wuƙarsa ya je gindin gawon ya yanke igiyar da hannunsa. Uwaisu ya sulale, Larai ta tare shi da kafaɗarta mai lafiya. Arɗo ya dubi mutumin da ya shekara ashirin suna gaisawa a hanyar masallaci, ga shi kusan tsirara a gaban mata da surukai, sai kunya ta rufe shi. Ya tuɓe baƙar rigarsa ya zura masa. Ya warware rawaninsa ya naɗe masa fasasshen goshin da bakin da ya kumbura, har sai ido ɗaya ne kawai ke waje. Murja ta yagi mayafinta ta ɗaure masa cinyar.

"Malam Uwaisu, mun ci amanar maƙwabtaka," in ji Arɗo. "Abin da hukuma ta yanke mana mun ɗauka. Ka yafe ko kada ka yafe, duka kana da gaskiya."

Uwaisu ya so ya amsa, bakin ya ƙi, sai jini da wani gunaguni. Ya dai ɗaga hannu ya dafa kafaɗar tsohon. Larai ta fashe da kuka, wannan karon na daɗi. Ta ƙwato shi. Da kwano ɗaya da hannu ɗaya ta ƙwato mijinta daga bakin mutuwa, ba ta taɓa jin son sa kamar na wannan lokacin ba, da kumburarriyar fuskarsa da komai.

"Malam, mu tafi gida," ta ce. "A hankali, dafa ni."

Ko taku goma ba su yi ba suka ji ƙarar babura, da yawa, da ihu a bayansu. Ta gefen yamma hayaƙi ya turnuƙe, bukkar farko ta kama. Mata suka kwashi 'ya'ya suka watse, samarin rugar suka ruga ɗauko kwari da baka da takubba.

"Kada wanda ya harba!" Arɗo yake faɗi, tsaye daga shi sai 'yar shara, kai babu rawani. "Ku ja baya! Mu ne da laifi, ku ja baya!"

Wasu suka ji, wasu ba su ji ba. Uwaisu ya tsaya cak. Ya san ƙaninsa, ya san kuma babu abin da zai tsayar da shi sai ya gan shi da ransa. Ya zame hannunsa daga kafaɗar Larai, ya sunkuya ya ɗauki wata sanda da aka yar don ya dogara, ya nufi wajen hayaƙin yana jan ƙafa. Larai ta bi shi, sai maruƙan da wuta ta firgita suka tsinke igiya suka yo kanta. Ɗaya ya bangaje ta a ƙirji ta faɗi, wani ya taka mata hannun da ya riga ya mutu.

Da ta ɗago, Uwaisu ya yi mata nisa kamar taku talatin. Daga nan ƙasa, ta bayansa, ta ga abin da mutanen gari za su gani: dogon mutum cikin baƙar rigar makiyaya, fuska a naɗe da rawani, sanda a hannu, ya fito daga tsakiyar ruga ya tunkare su shi kaɗai.

"Malam! Cire rawanin! Malam!"

Ihu da ƙarar wuta suka haɗiye muryarta. Ta tashi, ta faɗi, ta sake tashi. Uwaisu ya ɗaga hannu sama, da sandar a ciki, yana ƙoƙarin kiran suna da bakin da ba ya buɗuwa. Mutanen suka ɓullo ta cikin hayaƙi, sun fi arba'in, da gora da adda da barandami. Abdurrahim ne a gaba, yana gudu yana kuka yana kiran yayansa. Bai ko rage gudu ba. Ya ɗaga gorarsa mai kan ƙarfe ya sauke ta a tsakiyar rawanin da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Uwaisu ya durƙushe a kan gwiwoyinsa. Abdurrahim ya ƙara masa ta biyu a ƙeya, ya tsallake shi ya wuce. Na bayansa biyu suka sassara shi da adda suna wucewa, kamar masu saran kara.

Larai ta isa da rarrafe. Ta juyo shi ta ɗora kansa a cinyarta, ta ji kan ya yi laushi a hannunta ta cikin rawanin. Idon nan ɗaya a buɗe yake. Ƙirjinsa ya ɗaga sau biyu, tana yi masa kalmar shahada a kunne, daga nan bai ƙara ɗagawa ba. A kewayenta ana ta sara ana harbi, bukkoki na ci, wani na kururuwa da kibiya a wuyansa, ita ba ta ji ba ta gani. Ko kuka ta kasa.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba sai da ta ji an girgiza kafaɗarta. Abdurrahim ne, yana haki, rigarsa ta ƙone ta gefe ɗaya, gorar na hannunsa tana ɗiga. Ya zagaye rugar kaf, ya ga igiya a gindin gawo da jini, bai ga kowa ba.

"Yaya Larai! Me kike yi da wannan? Tashi, ƙyale shi! Ina suka kai Yaya?"

Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Magana nake miki! Ina Yayana? Yana da rai?"

Sai ta sunkuya, ta kama bakin rawanin da hannunta mai lafiya, ta fara warwarewa.